Rubuta Tsarin Nazari Tun Farko, Gwada Dukkan Hanyoyi, ko Raba Aikin: Wanne Ya Fi Kare Sakamakon Bincike?

A shekarar 2018 aka wallafa sakamakon wani gwaji da ya kamata duk mai shirin rubuta babi na huɗu na kundin digirinsa ya san da shi. Raphael Silberzahn da Eric Uhlmann da abokan aikinsu sun tattara bayanan 'yan ƙwallon ƙafa 2,053 da suka buga a manyan gasannin Ingila da Jamus da Faransa da Sifaniya a kakar 2012 zuwa 2013, suka miƙa su ga rukunin manazarta 29, mutum 61 ke nan, tare da tambaya guda ɗaya: shin alƙalan wasa sun fi ɗaga wa 'yan wasa masu duhun fata jan kati a kan masu hasken fata? Bayanai iri ɗaya ne a hannun kowa, tambayar ma ɗaya ce, amma rukuni 20 suka ce akwai bambancin da ƙididdiga ta tabbatar, rukuni 9 kuma suka ce ba su ga hakan ba. Mafi ƙanƙantar ƙiyasi ya tsaya a 0.89, wato kusan babu bambanci ko ma ɗan akasin abin da ake zato, mafi girma kuma ya kai 2.93, wato kusan ninki uku. Babu wanda ya yi maguɗi a cikinsu, kuma babu wanda digirinsa ko matsayinsa ya rataya a kan wani sakamako na musamman. Abin da ya raba su shi ne zaɓi: wani ya sa matsayin ɗan wasa a fili cikin lissafi saboda 'yan baya sun fi samun kati, wani bai sa ba, wani ya lura da gasar da ake bugawa, wani ya lura da tsawo da nauyin ɗan wasa, kowa kuma ya ɗauki dabarar lissafin da ya ga ta dace da abin da ba ya yawan faruwa kamar jan kati.

Wannan ita ce matsalar da nake son mai bincike ya zaɓi maganinta da idonsa a buɗe. Tsakanin ɗanyen bayanai da jumlar da ake rubutawa a ƙarshen rahoto akwai mararraba masu yawa, kuma a kowace mararraba ana iya bin dama ko hagu da hujjar da za a iya karewa. A ɗauki misalin mai son sanin ko ilimin uwa yana rage tamowa ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Da me zai auna tamowar? Zai iya amfani da nauyin yaro bisa tsawonsa kamar yadda mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya tsara, ko awon kaurin damtse da tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore, inda ƙasa da milimita 115 ke nuna tamowa mai tsanani, ko ya haɗa biyun, alhali an san cewa awon biyu ba yara ɗaya suke kamawa ba a koyaushe. Sannan akwai awon da ya fita hankali, wanda ake zaton kuskuren ma'aikaci ne: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tana cire wanda ya yi nisa ƙwarai da mizaninta kawai, ƙa'idar SMART, wani tsarin binciken tamowa, kuma ta fi tsauri domin tana cire duk wanda ya yi nisa da matsakaicin binciken kansa, kuma a cikin waɗanda take cirewa ana iya samun yaran da da gaske suka rame. Ilimin uwa kuwa, shekarun da ta yi a aji za a ƙirga, ko matakin da ta kammala, ko za a sa karatun Islamiyya da na allo a ciki? Sai kuma abubuwan da za a daidaita a lissafi, wato a cire tasirinsu: dukiyar gida, birni ko ƙauye, yawan haihuwa, nisan asibiti. Idan aka ɗauki hanyoyi uku na auna tamowa, biyu na tsaftace bayanai, uku na auna ilimi, da haɗe-haɗe huɗu na abubuwan daidaitawa, an sami nazari 72 daga tambaya ɗaya. Ɗaya daga cikinsu kaɗai zai shiga kundi.

Wanne ne ke shiga? Na san amsar daga teburina. Wata rana wani ɗalibi ya shigo ofis da kwamfutarsa a buɗe, ya ajiye ta a gabana cikin sanyin jiki ya ce, "Malam, abin bai fito ba." Ƙimar p, wato lambar da ake dubawa a ce sakamako ya fito idan ta gaza 0.05, ta ɗan haura wannan iyaka. Na duba jadawalin, na ga yara biyu da awonsu ya yi nisa da na saura, na ce masa ya cire su mu gani. Ya cire, lambar ta sauko, ya yi murmushi ya yi godiya ya fita. Sai bayan kwanaki na tambayi kaina: da a ce lambar ta fito da kyau tun farko, da na ko kula da yaran nan biyu? Amsar ita ce a'a. Cire su yana da hujja, barin su ma yana da hujja, amma abin da ya yanke mana hukunci ba hujjar ba ce, sakamakon da muke fata ne.

Ma'anar iyakar 0.05 ita ce: idan a zahiri babu wata alaƙa, sau 5 cikin 100 ne kawai dace zai haifar da sakamako mai kama da alaƙa. Amma wannan alƙawari yana aiki ne ga gwaji ɗaya da aka tsai da shi tun farko. Wanda ya yi gwaji 20 da ba su dogara da juna ba, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito bisa dace kawai ta kai kusan kashi 64 cikin 100. A 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn sun nuna da kwaikwayon kwamfuta cewa 'yancin zaɓi huɗu da kowa ke ɗauka ba komai ba, wato auna sakamako iri biyu a zaɓi ɗaya, da ƙara mutane goma idan abu bai fito ba, da sa jinsi cikin lissafi ko cire shi, da jefar da rukuni ɗaya cikin uku, idan aka haɗa su suna ɗaga yiwuwar sakamakon ƙarya daga kashi 5 zuwa kashi 60.7 cikin 100.

Magunguna uku masana suka fi tattaunawa a kai cikin shekarun nan, kuma kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar su a matsayin abu ɗaya mai suna uku. Kowanne da cutar da yake warkarwa.

Na farko shi ne rajistar tsarin nazari kafin a ga bayanai. Mai bincike yana rubuta hasashensa, da ainihin abin da zai auna, da yawan mutanen da zai ɗauka, da ƙa'idar cire bayanai, da dabarar lissafi, ya ajiye a wurin da za a buga masa kwanan wata kuma ba zai iya komawa ya sauya a ɓoye ba. Tun ran gini ran zane. Masu gwajin magunguna ne suka riga kowa: an buɗe ClinicalTrials.gov a Amurka a shekarar 2000, daga 2005 kuma manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi wa rajista ba, sannan nahiyarmu tana da nata rumbun, PACTR, da ke Afirka ta Kudu. Ga sauran fannoni akwai shafukan intanet na OSF da AsPredicted, kuma ba a biyan ko sisi.

Hujjar da ta fi girgiza ni a kan amfanin rajista ta fito ne daga Robert Kaplan da Veronica Irvin a 2015. Sun duba manyan gwaje-gwaje 55 na magungunan zuciya da jijiyoyin jini da cibiyar gwamnatin Amurka mai kula da wannan fanni ta ɗauki nauyinsu. Cikin 30 da aka wallafa kafin 2000, guda 17 sun nuna maganin yana da amfani, kashi 57 cikin 100 ke nan. Cikin 25 da suka biyo baya, lokacin da ya zama dole a bayyana babban abin da za a auna tun kafin a fara, guda 2 kacal suka nuna amfani, kashi 8 cikin 100. Ba za a ɗora wa rajista dukkan wannan sauyi ba, domin wasu abubuwa ma sun canza a harkar magani a tsawon lokacin, amma faɗuwar ta yi girman da ba za a kau da kai daga gare ta ba.

Misali mafi kusa da mu ya zo daga Saliyo. Katherine Casey da Rachel Glennerster da Edward Miguel sun auna tasirin shirin raya karkara mai suna GoBifo, wanda ya ba ƙauyuka kuɗi tare da horo a kan yanke shawara ta hanyar shigar da mata da matasa. Kafin su ga bayanan ƙarshe sun rubuta hasashensu da yadda za su gwada kowanne. Sakamakon da suka wallafa a 2012 ya nuna shirin ya samar da gine-gine da kayan amfanin jama'a, amma bai sauya yadda ake mulki da yanke shawara a ƙauyukan ba. Abin da ya ƙara wa aikin daraja shi ne sun nuna a fili cewa da ba su ɗaure kansu ba, da za su iya tsinto 'yan ma'aunai daga cikin ɗimbin da suka tattara su ba da labarin cewa shirin ya ƙarfafa shugabancin ƙauye, kuma da za su iya tsinto wasu su ba da labarin cewa ya lalata shi. Labaran biyu duka da lambobin da suka haye iyakar 0.05.

Sai dai rajista tana da iyakarta, kuma masu yabonta ba su cika faɗa ba. Tana hana mutum yaudarar kansa, amma ba ta mayar da zaɓi mara kyau ya zama mai kyau. Wanda ya rubuta tun farko cewa zai auna ilimin uwa da takardar shaidar boko kaɗai, a yankin da mafi yawan mata karatun Islamiyya suka yi, ya ɗaure kansa ne a kan hanya ɗaya cikin 72, kuma mai karatu ba zai taɓa sanin abin da sauran 71 za su ce ba. Haka kuma rajista ba ta aiki idan babu mai dubawa. Ben Goldacre da abokan aikinsa sun bi diddigin gwaje-gwaje 67 da manyan mujallun likitanci biyar suka buga daga ƙarshen 2015, suka tarar guda 9 kawai suka bayar da rahoton abin da suka yi alƙawari ba ragi ba ƙari. An bar ma'aunai 354 da aka yi wa rajista ba a ambace su ba, an kuma shigo da sababbi 357 ba tare da an sanar da mai karatu ba. Ga kuma tsarin da aka rubuta shi a dunƙule, irin mai cewa "za a yi amfani da dabarun ƙididdiga da suka dace," wanda bai rufe ko mararraba ɗaya ba.

Akwai wani nau'in rajista da ya fi ƙarfi, wanda mujallar Cortex ta fara a 2013 bisa jagorancin Chris Chambers. Ana tura wa mujalla tambaya da tsarin aiki kafin a tattara bayanai, masana su duba su gyara, idan an amince sai mujallar ta yi alƙawarin bugawa ko me sakamakon ya kasance. Anne Scheel da abokan aikinta sun kwatanta a 2021 a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, suka ga kashi 96 cikin 100 na maƙalun da aka saba sun tabbatar da hasashensu na farko, amma a irin wannan tsari kashi 44 ne kawai. Amfaninsa biyu ne: yana cire tsoron cewa sakamakon "babu bambanci" ba zai sami mabuga ba, kuma gyaran masana yana zuwa a lokacin da zai yi amfani. Tsadarsa lokaci ne, domin watannin jiran masu dubawa ba kowane ɗalibi ko mai tallafin da ke da wa'adi ne zai iya jure su ba.

Magani na biyu ya bi ta wata fuska dabam. Maimakon a zaɓi hanya ɗaya a rufe saura, sai a lissafa dukkan hanyoyin da za a iya karewa, a sa kwamfuta ta bi su gaba ɗaya, a jera sakamakon daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma a nuna wa mai karatu. Sara Steegen da Andrew Gelman da abokan aikinsu sun bayyana wannan dabara a 2016, Simonsohn da abokansa kuma suka fito da irin tasu. Su Simonsohn sun gwada tasu a kan wani binciken 2014 da ya yi tashe a jaridu, mai cewa guguwar teku da aka raɗa wa sunan mace ta fi kashe mutane a Amurka saboda ana raina haɗarinta. Da suka bi hanyoyi 1,728 da za a iya nazarin bayanan, 37 ne kawai suka goyi bayan iƙirarin. A nan dabarar ta yi aikin da rajista ba za ta iya ba, domin ta nuna cewa sakamakon yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya.

Ƙarfinta na biyu shi ne tana nuna wace mararraba ce ke da nauyi. A misalinmu na tamowa, idan nazari 72 suka nuna alaƙar tana nan daram ko ta wace hanya aka tsaftace bayanai, amma tana ɓacewa da zarar an sa dukiyar gida cikin lissafi, to mai bincike ya gano wani abu da ya fi ƙimar p amfani. Ya san inda muhawarar take, ya kuma san abin da bincike na gaba zai fuskanta.

Amma ina ganin ana kambama wannan dabara fiye da ƙima, kuma misalin da ya fi nuna rauninta shi ne wanda ya fi shahara. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski sun yi amfani da ita a kan bayanan matasa fiye da 355,000 daga Amurka da Birtaniya, suka kammala cewa amfani da waya da kwamfuta da talabijin bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalar matasa ba, alaƙar da ba ta wuce ta yawan cin dankali da nisa ba. Jean Twenge da Jonathan Haidt suka mayar da martani cewa an cuɗa kallon talabijin da kafafen sada zumunta, an cuɗa maza da mata, an kuma daidaita wasu abubuwan da su kansu sakamakon matsalar ne, don haka aka tsarma alaƙar da ke da ƙarfi ga 'yan mata. Ko wane ɓangare mutum ya bi, darasin da ke ciki ga mai zaɓar dabara shi ne cewa jerin "hanyoyin da za a iya karewa" shi ma mutum ne ke rubuta shi. Idan aka zuba hanyoyi marasa kyau guda ɗari a kan mai kyau guda ɗaya, matsakaicinsu ba gaskiya ba ne, kuma ba a gano gaskiya da ƙuri'ar rinjaye tsakanin lissafe-lissafe.

Wannan ya sa dole a bambance mararraba ta gaske da wadda ɓangarenta ɗaya kuskure ne tsagwaronsa. Ɗalibanmu da yawa suna aiki da bayanan binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya, NDHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da zagayensa na 2018, inda aka samu kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Ba a zaɓi gidajen wannan bincike ɗai-ɗai daga faɗin ƙasa ba. Gungu-gungu aka ɗauke su, kuma an ɗebi wasu jihohi fiye da rabonsu na yawan jama'a. Saboda haka wanda ke ƙiyasin yawan wata matsala a ƙasa baki ɗaya ba shi da zaɓi a kan amfani da ma'aunin nauyin da ke tare da bayanan, ko a kan sanar da kwamfuta cewa gidajen gungu ɗaya suna kama da juna. Barin su kuskure ne, ba ra'ayi ba, kuma bai cancanci gurbi a jerin hanyoyi ba.

Wani lokaci kuma mararrabar ta gaske ce, amma ba kwamfuta za ta warware ta ba. Binciken Edward Miguel da Michael Kremer na 2004 a makarantun firamare 75 na yankin Busia a Kenya ya nuna raba maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma an gina manyan shirye-shirye a kansa. A 2015 masu bincike daga makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan suka sake nazarin bayanan. Sun gano kurakuran lissafi da marubutan suka amince da su, waɗanda gyaransu ya raunana iƙirarin cewa amfanin ya kai makarantun da ke nesa. Amma babbar taƙaddamar ta kasance a kan zaɓi: a haɗa shekaru biyu na gwajin a nazarce su tare, ko a raba su kowace da kanta, abin da ke rage ƙarfin lissafi. Jera sakamakon hanyoyin biyu ba zai gaya wa ma'aikatar ilimi abin da za ta yi ba. Sai wanda ya fahimci yadda aka shigar da makarantun cikin shirin rukuni bayan rukuni ne zai iya kare ɗaya a kan ɗaya.

Magani na uku shi ne wanda muka fara da shi, wato raba bayanai ga manazarta da yawa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma fifikonsa a kan na biyu shi ne wasu za su hango mararrabar da kai ba ka san da ita ba. A 2020 mujallar Nature ta buga aikin da rukuni 70 suka nazarci hotunan ƙwaƙwalwa iri ɗaya don gwada hasashe tara, kuma ba a sami rukuni biyu da suka bi matakai iri ɗaya ba. A 2022 Nate Breznau da abokan aikinsa suka ba rukuni 73 tambayar ko yawan baƙin da ke ƙaura zuwa wata ƙasa yana rage goyon bayan jama'a ga shirye-shiryen tallafin gwamnati. Daga lissafe-lissafe 1,253, kusan kashi 25 cikin 100 suka ce yana ragewa, kusan 17 suka ce yana ƙarawa, kusan 58 suka ce babu tasiri. Waɗannan ayyuka madubi ne ga fanni baki ɗaya, ba kayan aikin mutum ɗaya ba ne, domin suna cin shekaru da ɗimbin ma'aikata. Amma sun bar mana abubuwa biyu da kowa zai amfana da su. A aikin ƙwaƙwalwa, taswirorin lissafin rukunonin sun fi kama da juna fiye da amsoshinsu na "e" ko "a'a", wato yanka sakamako gida biyu a kan iyaka ɗaya yana ƙara girman saɓani. A aikin jan kati kuma, Katrin Auspurg da Josef Brüderl sun sake dubawa a 2021 suka nuna cewa rukunonin ba tambaya ɗaya suka amsa ba a zahiri: wasu suna auna bambanci ne tsurarsa, wasu suna neman wariya bayan an cire sauran dalilai. Yawancin saɓanin nazari yana farawa ne daga tambayar da ba a fayyace ba.

Akwai ƙaramin nau'in wannan magani da ba ya bukatar kuɗi, wato miƙa wa mutum ɗaya ɗanyen bayananka da matakan lissafinka ya maimaita. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff sun ruwaito cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da suke samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasar tattalin arzikinsu yana faɗuwa zuwa kashi 0.1 cikin 100 ƙasa da sifili, kuma masu kare tsuke bakin aljihu a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya nemi jadawalinsu na Excel aka ba shi. Ya tarar an tsallake layukan ƙasashe biyar wajen ɗaukar matsakaici, kuma wannan ne jaridu suka fi yayatawa, alhali shi ne ƙaramin ɓangaren matsalar. Babban ɓangaren zaɓi ne: an ba shekara ɗaya tak ta New Zealand, 1951, da tattalin arzikinta ya ragu da kashi 7.6, nauyi daidai da shekaru 19 na Birtaniya. Da Herndon da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka sake lissafin, adadin ya koma bunƙasar kashi 2.2.

To, wanne mai bincike zai ɗauka? Tambayar farko da zan yi masa ita ce ko ya riga ya ga bayanan. Idan zai fita ne ya tattara sababbi don gwada wani magani, ko irin shuka, ko dabarar koyarwa, rajista ce ta fi masa, ba tare da wata-wata ba, domin a nan ne sha'awar ganin abu ya yi aiki ta fi ƙarfi, kuma kwana biyu na rubutu sun ishe shi. Idan sakamakon zai shafi lafiyar mutane ko kuɗin jama'a kuma yana da sararin lokaci, ya nemi mujallar da ke karɓar tsari kafin sakamako. Idan kuwa bayanan sun daɗe a hannun jama'a, kamar NDHS, inda an riga an buga maƙalu masu yawa a kansu kuma shi kansa ya san inda alƙaluman suka karkata, rajista ta rage ƙarfi, gwada hanyoyi da yawa ya fi gaskiya. Ba sai ya kai dubu ba. Mararraba huɗu ko biyar da ya san masana suna saɓani a kansu sun wadatar, muddin ya rubuta dalilin shigar da kowace kafin ya ga abin da za ta haifar. Wannan yana bukatar rubuta umarnin lissafi a manhajar R ko Stata, ko a shafin umarni na manhajar SPSS, domin wanda ke latse-latsen maɓallai ba zai iya maimaita nazari 72 ba, ba zai ma iya tuna abin da ya latsa a watan jiya ba.

A ganina, ga mafi yawanmu da ke aiki mu kaɗai da ƙaramin tallafi ko babu, haɗin na farko da na biyu ya fi kowannensu shi kaɗai: a tsai da babban nazari ɗaya tun farko tare da dalilinsa, a bayar da rahotonsa ko ya fito ko bai fito ba, sannan a biyo shi da jadawali ɗaya da ke nuna yadda ƙiyasin ke motsi idan aka bi sauran hanyoyin. Abin da aka tsinta a hanya ba haramun ba ne a faɗe shi, sai dai a kira shi da sunansa, wato abin da aka lura da shi bayan an ga bayanai, wanda ke jiran wani bincike ya tabbatar.

Kuma jami'o'inmu suna da rabin wannan tsari a hannu ba tare da sun kira shi rajista ba. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku yana kare babi na ɗaya zuwa na uku a gaban malamai kafin ya fita tattara bayanai, a rubuta ranar, a ajiye kwafi a sashe. Abin da ya rage shi ne babi na uku ya daina tsayawa a kan sunan dabarar lissafi da iyakar 0.05. Malaman da ke zaune a wurin kariyar su tambayi ɗalibi wane ma'auni guda ne babban abin da zai auna, wace ƙa'ida zai bi ya cire wani daga cikin bayanai, me zai yi da takardun tambayoyin da suka dawo da gurabe ba a cike ba, me zai yi da shekarun yaran da iyaye suka ƙiyasta da damina ko da azumi saboda babu takardar haihuwa, waɗanne abubuwa zai daidaita kuma saboda me. A rubuta amsoshin a cikin babin, mai duba aikin ya sa hannu. Ranar kariya ta ƙarshe kuma mai jarrabawa na waje ya buɗe babi na uku kusa da na huɗu ya gwada su, ya karɓi kundin da ya ce "ba a sami bambanci ba" da irin mutuncin da yake karɓar wanda ya samu, idan an bi abin da aka rubuta.